Ƙwallon Raga a Kan Yashi: Dokar Kafaɗa da Ƙetare Raga

Ga filinmu na faɗakarwa kan wasanni, daga nan Katsina ta Dikko ɗakin kara.

Magoya bayan Katsina United, yau ku yi mana haƙuri. Za mu bar filin wasa na Muhammadu Dikko ya huta. Yau ƙwallon raga za mu taɓa, wadda ake bugawa da hannu ta saman raga. Kuma ba ta mutum shida-shida da muka saba gani a makarantu ba. Ta mutum biyu-biyu, a kan yashi, ba takalmi. A duniya an san ta da ƙwallon raga ta bakin teku.

Na san wani yana can yana cewa, Malam, ina mu ina bakin teku? Daga Katsina zuwa Legas sai an share sama da kilomita 1,000. Gaskiya ne. Amma wasan nan yashi kawai yake buƙata. A shekarar 1996 aka fara sa shi cikin gasar Olamfik, a Atlanta ta ƙasar Amurka, garin da ba ya bakin teku. A 2024 an buga shi a tsakiyar birnin Paris, a gindin hasumiyar Eiffel, a kan yashin da aka kwaso da mota. Kaduna da Abuja ba mai teku a cikinsu, amma duk an yi gasar wannan wasa a can. Mu kuwa da rani gulabenmu ke komawa rairayi zalla, me za mu ce?

Doka guda ɗaya za mu zauna a kanta yau. Ita ce ta fi kawo gardama a filin yashi. Tambayar ita ce: yaushe aka yarda ɗan wasa ya tura ƙwallo da yatsunsa zuwa gidan abokan karawa, yaushe ne kuma laifi?

To, ga kashi na farko: fasalin wasan a taƙaice.

Filin yashi tsawonsa mita 16, faɗinsa mita 8. Ya ɗan gaza filin mutum shida, mai mita 18 da mita 9. Tsayin raga iri ɗaya ne a duka biyun: mita 2 da santimita 43 ga maza, mita 2 da santimita 24 ga mata. Kowane ɓangare mutum biyu ne, kuma ba a canji. Idan abokinka ya gaji, sai dai ku gaji tare. Ana buga zagaye zuwa maki 21. Wanda ya ci zagaye biyu ya yi nasara. Idan aka yi ɗaya da ɗaya, sai a buga na raba-gardama zuwa maki 15. Dole kuma a yi tazarar maki biyu kafin a tashi.

Taɓawa uku kowane ɓangare yake da ita. Ta farko, a karɓi ƙwallo. Ta biyu, a ɗaga ta. Ta uku, a kafta ta gidan abokan karawa. Wannan ta tsakiyar 'yan wasa ke kira setin. Wato ka sa hannuwa biyu a saman goshinka, yatsu a buɗe, ka ɗaga wa abokinka ƙwallo daidai inda zai ji daɗin duka. Ku riƙe wannan: setin shi ne ɗagawa da yatsun hannu biyu, daga sama.

Yanzu mu shiga kashi na biyu, inda maganar take.

Wani lokaci mai ɗagawa ba ya ba abokinsa. Sai ya hango gurbi a gidan abokan karawa, ya tura ƙwallon can da yatsunsa. An yarda da haka? An yarda, amma da sharaɗi. Sharaɗin yana cikin doka ta 13 a littafin hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, wadda aka kafa a 1947. Ma'anarsa ke nan: idan za ka ƙetarar da ƙwallo da yatsu, to ta tafi sak inda ƙirjinka ya fuskanta, ko kuma sak ta bayanka. Gaba ko baya. Gefe haramun ne.

Bari in sake faɗa. Gaba sak, ya halatta. Baya sak, ya halatta. Gefe, laifi ne, maki na abokan karawa.

Ga yadda za ku gane shi a gida. Kun san yadda makiyayi ke gicciya sandarsa a bayan wuya, ya rataya hannuwansa a kai, yana bin shanu? To, wanda ke kusa da sanda ya ɗauka ya yi haka. Ko muciya ce, a aro wajen uwargida. Wannan sandar da ta bi ta kafaɗar dama zuwa ta hagu, ita ce layin kafaɗa. Ƙwallo ba za ta bi bakin sandar nan ba, ba za ta kuma karkata wajensa ba. Sai dai ta bi inda ƙirji ya nufa, ko inda gadon baya ya nufa.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa, don haka ku kasa kunne. Dokar ba ta ce dole ka fuskanci raga ɗoɗar ba. Kana iya tura ƙwallo can kusurwar fili. Abin da ake so, ka juya kafaɗunka su kalli kusurwar nan kafin ƙwallo ta bar hannunka. Ba ruwan alƙalin wasa da inda ƙafarka ta kalla. Ba ruwansa da inda idonka ya kalla. Kafaɗa yake dubawa, da hanyar da ƙwallo ta bi. Ko kana tsaye, ko ka yi tsalle, ko kana durƙushe, ma'aunin ɗaya ne.

Mu je fili mu gani. A ce ranar Asabar ce bayan la'asar, a wata makaranta ta wajen Ƙofar Ƙaura. An zuba yashi, an ɗaura raga. Akwai wani yaro mai jar riga. Shi ne gwanin setin a ƙungiyar mutum shida ta makarantarsu, hannunsa da laushi. Abokinsa ya karɓi ƙwallo, ta taso masa. Ya tsaya kafaɗarsa ta dama na wajen raga, ƙirjinsa na kallon abokinsa. Kowa ya ɗauka ɗagawa zai yi. Sai ya karya wuyan hannu, ya sulala ta gefe ta saman raga. Ƙwallo ta faɗi tim a yashi, ba kowa a wurin. Ya daka tsalle yana murna. Sai usur.

"Haba Malam! Ai a gidansu ta faɗi."

"A gidansu ta faɗi, yaro. Ƙirjinka ina yake kallo?"

"Wajen abokina, Malam."

"Ƙwallon fa, ina ta bi?"

"Ta nan gefen."

"To, maki nasu ne."

Yaron nan ba ha'inci ya yi niyya ba. A filin mutum shida wannan dabara halas ce, har tafa masa ake yi. Ya kawo al'adar wani gida ne zuwa wani gida. Da ya juya jikinsa gaba ɗaya ya fuskanci gurbin, sannan ya tura, da makin nasa ne. Da ya ba raga baya ya tura ta saman kansa sak, nan ma nasa ne.

Idan alƙali ya kama wannan laifi, ga alamar da za ku gani: zai ɗaga hannu sama, tafi a buɗe, sannan ya sauko da sangalin hannun ƙasa. Ma'anarsa, an yi laifi wajen kai hari.

Kashi na uku: me ya sa aka kafa dokar?

Mu yi ɗan lissafi tare. A filin mutum shida, kowane gida mita 9 ne sau 9, wato murabba'in mita 81. A raba wa mutum shida, kowa ya tashi da sha uku da rabi. A filin yashi, mita 8 sau 8, wato 64. A raba wa mutum biyu, kowa 32. Kun ji? Ya fi ninki biyu. Sannan idan ɗaya ya tafi bakin raga don tarewa, ɗayan shi kaɗai ke gadin sauran fili. Ga ƙafa tana nutsewa a yashi. Duk wanda ya taɓa tsallaka busasshen gulbi a guje ya san abin da nake nufi.

Yatsun hannu biyu kuwa su ne suka fi kowane sashe na jiki iya sarrafa ƙwallo. Gwani zai ajiye ta a kan faifai idan ya so. Da an bar shi ya kalli gabas ya jefa arewa, babu mai tsaron da zai kai. Wasa ya mutu ke nan. Ba duka, ba tarewa, ba faɗuwa a yashi don ceto ƙwallo, sai 'yan jefe-jefe. Dokar kafaɗa tana tilasta maka ka nuna wa mai tsaro inda ka nufa, ko da na ƙiftawar ido ne. Idan ya karanta jikinka ya isa wurin, ya ci guminsa. Idan bai isa ba, ka fi shi.

Shi ya sa dokar ba ta shafi sauran hanyoyin bugu ba. Idan ka haɗa hannuwa biyu ka buga da sangalin hannu daga ƙasa, tura ta duk inda ka ga dama. Idan ka kafta da tafin hannu ɗaya, karkata ta yadda kake so. Yatsu biyar-biyar daga sama, su kaɗai aka yi wa wannan takunkumi.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan ƙwallon raga ta yashi. Mun ce wanda zai tura ƙwallo da yatsu ta saman raga, sai ta bi gabansa sak ko bayansa sak.

Kashi na huɗu, kuma shi ne mai wuyar: togaciyar da ke cikin dokar.

Dokar ta ce, idan ɗan wasa ɗagawa yake son yi wa abokinsa, sai ƙwallo ta kuɓuce ta ƙetare raga, to ba laifi. A ci gaba da wasa.

Mu Katsinawa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun san iskar hunturu. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu tana kaɗowa daga arewa maso gabas, da ƙura da yaji. Ƙwallon yashi nauyinta giram 260 zuwa 280 ne, ta ɗan fi ta cikin ɗaki girma, kuma ba a cika mata iska sosai. Ka ɗaga ta sama mita uku ko huɗu a irin wannan yanayi, ai ta zama ta iska. Ka yi niyyar ba abokinka, iska ta ɗauke ta ta kai wa maƙwabta. Ba za a hukunta ka a kan abin da ba kai ka yi ba. Saboda rana da iska ne ma ake musayar gida duk bayan maki 7, a zagaye na uku kuma duk bayan maki 5, don kada wahalar ta tare a kan ɓangare ɗaya.

Amma fa kun ga inda gizo ke saƙar. An ɗora wa alƙali aikin gane niyya. Niyya kuwa a zuci take. To, da me zai gane?

Alƙali mai hankali zai duba abubuwa da ido ke gani. Ina abokin yake? Ya taho da gudu zai yi tsalle, ko yana can kwance a yashi bai tashi ba? Idan ba wanda za a ɗaga wa, ba a cewa ɗagawa aka yi. Sannan yaya ƙwallon ta tashi? Wadda aka ɗaga wa aboki sama take yi, ta yi baka, ta sauko a hankali kusa da raga. Wadda aka yi niyyar ci da ita a miƙe take tafiya, da sauri, ta nufi gurbi. Sannan iskar, ina take kaɗawa? Idan iska daga gidan abokan karawa take busowa, ka ce ita ta kai ƙwallo can, to iskar nan taka ce kai kaɗai.

Ra'ayina a nan, musamman ga malaman wasanni da ke busa wa yara usur: idan abin ya shige maka duhu, ƙyale wasa ya ci gaba. Yaron da ake kama wa laifi duk lokacin da iska ta kwashe masa ƙwallo, zai ji tsoron sa yatsu, ya daina koyo. Amma wanda ka gani ƙuru-ƙuru ya saci kallon gurbi ya karya wuyan hannu, kada ka ɗaga masa ƙafa, ko ɗan wa ne. Gara ya rasa maki ɗaya a Katsina da ya je gasa a Kaduna ya rasa zagaye.

'Yan wasa kuma, ga tunatarwa. Kyaftin ne kaɗai ke da izinin yi wa alƙali magana, shi ma sai ƙwallo ta mutu. Ka tambayi bayani cikin ladabi. Kada 'yan kallo su cika fili da hayaniya.

Kashi na biyar. Akwai wasu laifuka uku da ke tafiya tare da wannan, zan bi ta kansu da sauri.

Akwai dungurin yatsu. A wasan mutum shida, ɗan wasa kan yi tsalle kamar zai kafta, sai ya ɗan tura ƙwallo da yatsun hannu ɗaya a buɗe, ta faɗa bayan masu tarewa. A yashi an hana. Idan kana son ajiye ta kusa, lanƙwashe yatsu ka dungure ta da gaɓoɓinsu. Ko ka haɗe yatsun wuri ɗaya, ka sandarar da su, ka soke ta da kansu. Ko ka mirgina ta da tafin hannu.

Akwai tsabtar taɓawa. Ko kafaɗarka ta yi daidai, dole hannuwa biyu su taɓa ƙwallo lokaci guda. Idan dama ta riga hagu, taɓawa biyu ke nan, alƙali zai ɗaga yatsu biyu. Idan ka riƙe ta, ta tsaya a hannunka sannan ka jefa, kamu ne. Wasu na cewa da zarar ƙwallo ta juya a iska an yi laifi. Littafin doka bai faɗi haka ba. Juyawa tana iya sa alƙali ya ƙara lura, amma hannu ake hukuntawa. Wannan tsanani ya fi yawa a taɓawar farko. Shi ya sa ƙwararru ba sa karɓar bugun farawa da yatsu, da sangali suke karɓa. Sassauci ɗaya ne: idan aka kafto maka ƙwallo da ƙarfi, ba ka da lokacin shiri, an yarda ta ɗan jima a yatsunka wajen kare kai.

Na ukun shi ya fi kama 'yan wasan mutum shida. A yashi, tarewa a bakin raga ana ƙirga ta cikin taɓawa uku. Ƙwallo ta shafi hannun mai tarewa, saura biyu. Nan ne mutum ke ruɗewa, ya ga taɓawa ta ƙare masa, ya tura da yatsu ta ko'ina. A irin wannan matsi, sauke hannu ka buga da sangali.

To, wani zai ce, duk an toshe ƙofofin dabara ke nan? Ko kusa. Ku dubi 'yan ƙasar Suwidin biyu, David Ahman da Jonatan Hellvig, da suka ci zinare a Paris a 2024. An san su da tsalle a taɓawa ta biyu. Mai ɗagawa zai tashi sama kamar mai shirin duka. Mai tarewa na can gefe bai san me zai faru ba. Idan ya tsaya, a kafta ta da hannu ɗaya, kuma wannan halas ne ta kowace fuska. Idan ya yi tsalle, a ɗaga wa aboki can nesa, shi kuma ya samu raga ba mai gadi. Sun ruɗa manyan 'yan wasan duniya ba tare da sun taka dokar kafaɗa ba. Aiki ne na shekaru, ba na ce yaranmu su fara da shi gobe ba.

Kuma kada a ɗauka wasan na Turawa ne da 'yan Birazil kawai. Waɗanda suka ci wa ƙasar Katar tagulla a gasar Olamfik ta Tokyo, Cherif Younousse da Ahmed Tijan, 'yan Afirka ta Yamma ne. Na farko haifaffen Senegal, na biyu haifaffen Gambiya. Iyaye masu damuwa da batun sutura, kuma damuwa ce mai tushe, ku sani tun 2012 hukumar duniya ta buɗe ƙofar sa riga mai hannu da wando. A 2016, a birnin Rio, Doaa Elghobashy ta ƙasar Masar ta buga da hijabi da dogon wando.

Kashi na ƙarshe, ga makarantar da ke son gwadawa.

A ƙa'ida zurfin yashi ya kai santimita 40, kuma a bar sarari aƙalla mita 3 a kowane gefe. Idan aka lissafa duka, ya haura kubik mita 120. Tifa da yawa ke nan. Don koyo, a fara da abin da ya samu, in dai wanda ya faɗi ba zai daki ƙasa mai tauri ba. A tankaɗe yashin. A fitar da tsakuwa da kwalba da ƙusa. A kuma yi yaƙi da ƙarangiya, don wasan ba takalmi ne, kuma ƙwaya ɗaya a tafin ƙafa ta isa ta tashi wasa. Iyakar fili da igiya mai laushi ko ƙyalle ake yi, a binne ƙarshenta, ba da dutse ko bulo ba. Da bazara kada a shiga da tsakar rana, yashi na ƙona ƙafa. A jira bayan la'asar, a yayyafa ruwa, a kuma ajiye na sha a gefe.

Ga atisayen da za ku ba yara. Mutum uku sun isa. Ɗaya ya tsaya a wannan gida. Ɗaya ya tsallaka raga, ya riƙa sauya wuri: yanzu kusurwar dama, anjima ta hagu, anjima tsakiya. Na uku ya jefa wa na farko ƙwallo sama. Kafin ta sauko, yaro ya motsa ƙafa, ya juya ƙirjinsa ya fuskanci wanda ke can gefe, sannan ya tura masa. Ƙafa tukuna, kafaɗa ta biyo, hannu a ƙarshe. Malam ya tsaya a bayan yaron, don daga baya aka fi ganin karkacewa. Idan ya yi goma a jere ba kuskure, a juya shi ya ba raga baya, ya yi wasu goma ta saman kai. Ranar da iska ta yi yawa, a ajiye yatsu, a koyi ɗagawa da sangali, a kuma rage mata tsawo.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu duba alamun da mai tarewa ke yi wa abokinsa da yatsu a bayansa kafin a buga: me yatsa ɗaya ke nufi, me biyu ke nufi, me ya sa wani ke dunƙule hannu.